Tambayoyi da Amsoshi Kan Ba Majinyaci Oksijin Idan Cutar Bairas Ta Sarƙe Masa Numfashi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu jinya a unguwannin da Hausawa suka fi yawa a Legas, kamar Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12 da Alaba Rago, a duk lokacin da likita ya ce majinyacinsu yana buƙatar oksijin. Amsoshin ba za su maye gurbin likitan da ya duba majinyaci da idonsa ba, amma za su taimaka wa iyali su gane abin da ake yi da kuma dalilin yin sa.

Me yake faruwa a huhu har mutum ya kasa numfashi saboda cutar bairas?

Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai nata oksijin, kuma wannan ya wadaci mai lafiyar huhu. A can ƙarshen hanyoyin numfashi akwai ƙananan jakunkunan iska miliyoyi, masu siririn bango, waɗanda ta cikinsu oksijin yake ratsawa ya shiga jini. Idan ƙwayar cutar bairas irin ta korona, ko ta mura mai tsanani, ko ta ƙyanda ta sauka cikin huhu, jiki yakan tashi yaƙi da ita, wurin ya kumbura, ruwa da majina su cika jakunkunan, wasu ma su rufe gaba ɗaya. Jini yana ci gaba da bi ta wurin, amma sai ya wuce bai ɗauki isasshen oksijin ba. Daga nan ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda suke fara galabaita, domin babu ɗaya daga cikinsu da yake da ajiyar oksijin da za ta riƙe shi tsawon lokaci. Abin da likita yake yi shi ne ya ƙara yawan oksijin a cikin iskar da majinyaci yake shaƙa, don ɗan ɓangaren huhun da ya rage yana aiki ya samu abin da zai tura cikin jini.

Waɗanne alamomi ne suke nuna cewa lamarin ya wuce na kemis?

Babban mutum mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya idan yana hutawa. Idan ya kai sau 30, ko yana haki har ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ko leɓensa da harshensa sun sauya launi, ko ya fara ruɗewa, ko barci ya rinjaye shi ana tashinsa da ƙyar, to a nufi asibiti a lokacin, kada a jira gari ya waye. A Legas ana kiran lambar gaggawa 112 ko 767.

Akwai wani abu da annobar korona ta koya wa likitoci, wanda ya kamata kowane mai jinya ya sani. An riƙa ganin majinyata suna zaune suna hira, har suna amsa waya, alhali oksijin da ke jininsu ya yi ƙasa ƙwarai. Saboda haka maganar da aka saba ji, cewa “ai yana magana, da sauƙi”, ba hujja ba ce. Haka kuma tsanantar ciwon korona ta fi zuwa ne a mako na biyu, daidai lokacin da iyali suka fara sakin jiki don zazzaɓi ya sauka. Tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini da asma da sikila da mata masu juna biyu su ne suka fi cancantar a sa musu ido a wannan tsakanin.

Ƙaramar na'urar da ake maƙala wa a yatsa, me lambobinta suke nufi, kuma za a iya dogara da ita?

Sunanta oksimita. Tana nuna lambobi biyu: ɗaya yawan oksijin ne a jini, ɗaya kuma bugun zuciya, kuma sau da yawa mutane sukan rikita su. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa 100. Idan mai zazzaɓi da tari ya sauka zuwa 93 ko 94, ya kamata likita ya gan shi a ranar. Idan ya sauka ƙasa da 90, wannan shi ne matakin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauka a matsayin ciwo mai tsanani da ke buƙatar oksijin. Mai juna biyu kuwa ana so a riƙe ta sama da haka, wato daga 92 zuwa 95, saboda ɗan da ke cikinta.

Na'urar tana da amfani sosai, amma tana kuskure, kuma wani kuskuren ya shafe mu kai tsaye. Tana aiki ne da hasken da yake ratsa yatsa, don haka launin fata yana iya shafar abin da take karantawa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Mishigan ta Amurka, aka wallafa a Disambar 2020, ya gano cewa yadda na'urar take nuna lamba mai kyau alhali oksijin ya yi ƙasa ya ninka kusan sau uku a tsakanin baƙaƙen fata idan aka kwatanta da farare. Ma'anar wannan ga mai jinya ita ce, idan na'ura ta nuna 93 amma majinyaci yana haki, a gaskata majinyacin. Jan farce da baƙin lalle da sanyin hannu da motsi su ma suna ɓata karatun. Idan Hajiya ta yi ƙunshi, a nemi yatsan da lallen bai kama sosai ba, a ɗumama hannun, a bar na'urar ta daidaita na kimanin minti ɗaya kafin a rubuta lambar tare da lokacin da aka auna.

Wani abin lura da ya shafi zaman Legas: wanda ya shaƙi hayaƙin janareta, na'urar tana iya nuna lamba mai kyau alhali yana cikin haɗari, domin ba ta bambance gubar hayaƙin da oksijin a cikin jini.

An sa wa Baba oksijin. Shin wannan yana nufin lokacinsa ya yi?

A'a. Wannan tsoro ya samo asali ne daga abin da mutane suka saba gani: ba a kai majinyaci asibiti sai ya galabaita, a sa masa oksijin a makare, ya rasu da robar a hancinsa, sai a ɗora wa robar laifi. Rai a hannun Allah yake, amma oksijin magani ne kamar sauran magunguna, yana ma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma mutane da yawa da aka sa musu shi sun warke sun koma kasuwa. Ba ya kuma zama jaraba, wato huhu ba ya sabawa da shi har ya kasa aiki idan an cire. Iyalin da suka hana a sa wa majinyacinsu oksijin, ko suka riƙa zare masa shi idan nas ta ba da baya don tausayi, suna ƙara wa zuciyarsa aiki ne a daidai lokacin da take neman sauƙi.

Me ya sa ake sauya masa na'ura daga wannan zuwa waccan?

Domin oksijin yana da ma'auni, ana lissafa shi da lita a kowane minti, kuma kowace na'ura tana da iyakar abin da za ta iya bayarwa. Ana farawa da siririyar robar hanci mai baki biyu, wadda take ba da lita 1 zuwa 5 ko 6, majinyaci yana iya ci da sha da magana da ita. Idan ba ta wadatar ba, sai a koma takunkumin fuska na lita 6 zuwa 10. Bayansa akwai takunkumi mai jaka a ƙasa, na lita 10 zuwa 15, kuma jakar ya kamata ta kasance a cike. Idan mai jinya ya ga tana lanƙwashewa gaba ɗaya duk lokacin da majinyaci ya ja numfashi, ya kira nas.

Daga nan sai na'urorin da ba kowane asibiti yake da su ba. Akwai wadda take tura iska mai ɗumi da laima ta hanci har lita 60 a minti. Akwai wadda ake kira CPAP, mai tura iska da matsi ta takunkumin da ke manne wa fuska, don ta buɗe jakunkunan huhun da suka rufe. Tana da takura, majinyata da yawa sukan so su cire ta, kuma a nan lallashin mai jinya yana da amfani ƙwarai. Mataki na ƙarshe shi ne bentileta, inda ake sa majinyaci barci, a zura masa bututu ta maƙogwaro, na'ura ta karɓi aikin numfashi a sashen kulawa ta musamman.

Tambayar da ta fi amfani ga iyali kowace safiya ita ce: “Likita, lita nawa yake kai yau, jiya kuma nawa?” Majinyacin da yake nuna 94 a kan lita 2 da wanda yake nuna 94 a kan lita 15 ba halinsu ɗaya ba, ko da yake lambar iri ɗaya ce. Idan buƙatar tana hauhawa cikin sa'o'i, lokaci ya yi da za a tattauna batun mayar da shi babban asibitin koyarwa na jami'a irin su LUTH da ke Idi-Araba ko LASUTH da ke Ikeja, tun yana da ƙarfin jure tafiyar, kuma bayan an tabbatar ta waya cewa akwai gado. Kowa ya san yadda cunkoson motoci yake mayar da tafiyar rabin sa'a ta koma ta sa'o'i uku, don haka a tabbata silindar oksijin da ke cikin motar asibiti za ta kai ko da an maƙale a hanya.

Oksijin yana kashe ƙwayar cutar ne?

Ba ya kashe ta. Yana riƙe jiki ne har garkuwarsa da sauran magunguna su yi aikinsu, huhu kuma ya samu lokacin warkewa. Game da korona, babban gwajin da Jami'ar Oksfod ta Ingila ta jagoranta ya nuna a Yunin 2020 cewa maganin dexamethasone ya rage mace-mace da kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda ke kan bentileta, da kashi ɗaya cikin biyar a tsakanin waɗanda ke kan oksijin kawai. Gwajin nan dai ya nuna cewa bai amfani waɗanda ba sa buƙatar oksijin ba, abin da ya kamata masu sayensa a kemis da zarar sun ji mura su sani, balle ga shi yana tayar da suga. Ga mura mai tsanani ana ba da maganin oseltamivir. Likita yana iya ƙarawa da allurar hana daskarewar jini, ko maganin kashe bakteriya idan yana zargin wata cutar ta hau kan ta farko, amma irin wannan magani ba ya taɓa bairas. Surace da tazargade da habbatus sauda ba sa ƙara oksijin a jini, hayaƙin turare kuma yana ƙara wa mai sarƙewar numfashi wahala.

Me ya sa ake cewa ya kwanta rub da ciki?

Idan mutum ya kwanta rigingine, nauyin zuciya da na ciki yana danne bayan huhu, inda mafi yawan naman huhun yake, ruwa kuma a can yake taruwa. Juyawa rub da ciki tana buɗe wannan ɓangaren. Wani gwaji da aka yi a Faransa da Sifaniya, aka wallafa a 2013, ya nuna raguwar mace-mace sosai a tsakanin masu tsananin ciwo da ke kan bentileta waɗanda ake kifa su aƙalla sa'o'i 16 a rana. A lokacin korona an riƙa sa waɗanda suke farke su ma su yi hakan. Mai tsohon ciki da mai ciwon ƙashin baya da wanda hankalinsa ya gushe ba a juya su sai da umarnin likita.

Za mu iya sayen silinda ko na'ura mu yi jinyarsa a gida?

Ga wanda numfashinsa ya sarƙe sosai, gida ba wurin jinya ba ne, kuma lissafi kaɗai ya isa ya nuna dalili. Babbar silinda mai ɗaukar kimanin lita 6,800 za ta yi fiye da kwana biyu idan ana jan lita 2 a minti, amma idan majinyaci ya kai lita 15, cikin sa'o'i bakwai da rabi za ta ƙare. Wato yana buƙatar manyan silinda uku ko fiye a kowace rana, da wanda zai riƙa sauya su cikin dare ba tare da jinkiri ba.

Na'urar tace oksijin kuma, wadda take zuƙar iskar ɗaki ta ware sinadarin naitirojin ta fitar da oksijin mai tsabtar kashi 90 da wani abu, yawancinta lita 5 ko 10 ce iyakarta. Tana tsayawa nan take idan aka ɗauke wuta, don haka duk mai amfani da ita sai ya tanadi janareta ko inbata, da silinda a gefe. Janaretan kuma a waje yake zama, nesa da taga, ba a baranda ko lungun ɗaki ba. A yi hattara da ƙananan na'urori masu araha da ake tallatawa a intanet da kasuwannin kayan lantarki, domin wasunsu da zarar an ƙara yawan litar sai tsabtar oksijin ɗin ta faɗi ƙasa warwas.

Inda oksijin na gida yake da muhalli shi ne bayan an sallami majinyaci yana buƙatar lita kaɗan, likita ya rubuta adadin, ya kuma faɗi lambar da idan an gani za a dawo asibiti.

Silindar masu walda fa, ba oksijin ba ne ita ma?

Oksijin ne, amma ba a tsabtace silindarsu, ba a kuma gwada abin da ke cikinta bisa ƙa'idar magani, don haka tana iya ɗauke da tsatsa ko maiƙo ko ragowar wata iskar. Kada a yi amfani da ita.

Kowace irin silinda ce, haɗarin gobara gaskiya ne. Oksijin yana sa abin da zai ci wuta a hankali ya kama ganga-ganga. A Afrilun 2021 gobarar da ta tashi daga silindar oksijin a wani asibitin masu korona a Bagadaza ta kashe mutum fiye da 80. Kada a sha sigari, ko a kunna risho ko kasko ko maganin sauro na hayaƙi a ɗakin. Kada a shafa mai ko giris a bakin silinda, kada kuma a shafa wa majinyaci basilin a hanci. A ɗaure silindar a tsaye don kada ta faɗi.

Idan yana da amfani haka, me zai hana a buɗe shi sosai?

Yawansa ma yana da illa. Masu daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu, wanda ya fi kama waɗanda suka daɗe suna shan sigari ko shaƙar hayaƙin itace, idan aka cika musu oksijin gurɓatacciyar iskar da ya kamata su fitar takan taru a jininsu har su suma, shi ya sa ake riƙe su tsakanin 88 da 92. Jariran da aka haifa bakwaini kuma yawansa yana iya lalata musu ido. Ba a neman majinyaci ya kai 100, don haka mai jinya kada ya taɓa makunnin da kansa.

Yara ƙanana fa?

Su ne ciwon nimoniya, wato kumburin huhu, ya fi yi wa ɓarna, kuma bairas ne yake jawo kaso mai yawa nasa, ciki har da ƙyanda wadda take da allurar rigakafi. Numfashi ya yi sauri idan ya kai sau 60 a minti ga jaririn da bai kai wata 2 ba, sau 50 daga wata 2 zuwa 11, sau 40 daga shekara 1 zuwa 5. Idan uwa ta ga ƙasan haƙarƙarin yaro yana lotsawa ciki lokacin da yake jan numfashi, ko yana gurnani, ko ya kasa kama nono, a tafi asibiti.

'Yan uwa sun ce a kawo shi gida Arewa a yi jinyarsa cikin dangi. Ya dace?

Wannan shawara ce da ake yawan yankewa cikin ƙauna, kuma tana daga cikin mafi haɗari. Daga Legas zuwa Kano tafiya ce ta kimanin kilomita 1,000, yini guda cur ko fiye a mota, kuma babu tabbacin inda za a cika silinda idan ta ƙare tsakanin Ilori da Kaduna. Jirgin sama ma ba mafita ba ne, domin matsin iskar cikinsa ya yi ƙasa da na doron ƙasa, har mai lafiya ma oksijin ɗinsa yakan ɗan sauka. Ga kuma yiwuwar yaɗa cutar ga abokan tafiya da tsofaffin da ke gida. Abin da ya fi shi ne ɗaya ko biyu daga cikin dangi su zo Legas, a bar tafiyar sai majinyaci ya rabu da oksijin, likita kuma ya amince.

Oksijin yana karya azumi?

Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 1997 a Jidda, ta lissafa oksijin cikin abubuwan da ba sa karya azumi. Sai dai wanda ciwonsa ya kai ga haka yana cikin marasa lafiyar da Alƙur'ani ya yi wa rangwame su sha su rama, kuma jikinsa yana buƙatar ruwa da abinci da magani a kan lokaci. Salla kuma yana iya yin ta a zaune ko a kwance ba tare da an cire masa robar ba.

Akwai isasshen oksijin a asibitocin Legas?

A Legas aka fara tabbatar da korona a Najeriya, ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a jikin wani ɗan ƙasar Italiya da aka yi jinyarsa a asibitin cututtuka masu yaɗuwa da ke Yaba. Da cutar ta dawo zagaye na biyu, Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya bayyana a Janairun 2021 cewa buƙatar asibitin Yaba ta tashi daga silinda 70 zuwa 350 a rana. A wannan lokacin aka buɗe injin samar da oksijin a asibitin, gwamnatin tarayya kuma ta amince da kafa wasu 38 a faɗin ƙasa. Duk da haka asibiti ya bambanta da asibiti, musamman ƙananan masu zaman kansu na cikin unguwa. Kafin a kwantar da majinyaci, babu laifi a tambaya ko oksijin ɗinsu na bututun bango ne ko na silinda, me suke yi idan wuta ta ɗauke, ta yaya suke lissafa kuɗinsa, da sa'a ne ko da silinda, sannan ina suke tura majinyaci idan ya fi ƙarfinsu.

Yaushe za a cire masa?

Ana ragewa ne sannu a hankali, lita bayan lita, ana duba ko lambar za ta tsaya. Idan ya kai ga zama ba tare da oksijin ba, sai a sa shi ya ɗan yi tafiya a sake aunawa, domin wasu lambarsu tana da kyau a zaune amma tana faɗuwa da zarar sun motsa. Wani kwana uku ya ishe shi, wani sai ya yi makonni. Bayan sallama, gajiya da haki wajen hawa bene ko ɗaukar kaya suna iya ɗaukar watanni kafin su gushe, don haka mai aikin ƙarfi, kamar ɗan dako ko ɗan acaba, ya koma aiki da kaɗan-kaɗan, ya kuma kiyaye ranar da aka ba shi ta komawa ganin likita.